Yadda A Ke Tsare Ayaba Da Gwanda Daga Hunturu

Duk wanda ya bi ta Kakuri da sassafe cikin watan Janairu, ya leƙa bayan gidaje, ko ya gangara lambunan da ke bakin Kogin Kaduna, zai ga abin tausayi. Ayabar da ta ke kore shar cikin Satumba, da ganye faffaɗa har mutum ya iya fakewa ruwa a ƙarƙashinsa, yanzu ta koma kamar an rataya tsummoki a jikin sanda. Ganye ya kekkece, bakinsa ya ƙone, sabo kuwa ya ƙi fitowa. Gwanda ta zubad da ganyenta na ƙasa duka, ta bar ɗan tukku a ka, 'ya'yanta suna fili rana tana dukansu. In aka tambayi mai lambu abin da ya faru, sai ya ce ɗari ne ya kashe ta, ya yi shiru, gama a ganinsa ɗari ba shi da magani sai haƙuri.

To, ɗari yana da nasa laifi, amma ƙarami ne. Abin da ya fi kashe itace mai faffaɗan ganye cikin hunturu shi ne ƙishirwa, wadda busasshiyar iska ke jawo masa. Ƙishirwa kuwa tana da magani, kuma maganin bai fi ƙarfin talaka ba.

Maganar nan ta shafi mutanen Kakuri ƙwarai. An fi sanin unguwar da masaƙu. Cikin 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wasu suka biyo baya cikin shekarun 1960, sa'an nan kamfanin harhaɗa motar Peugeot ya zo cikin 1975. Ma'aikata suka taru daga ko'ina cikin Nijeriya, wanda ya sami ɗan fili a bayan ɗaki ya kafa ayaba, ko agade, ko gwanda, a inda ruwan wanka ke gangarawa. Da masaƙun suka durƙushe, har Kaduna Textiles ta rufe cikin 2002, ɗan lambun nan ya tashi daga abin sha'awa ya zama abin cefane a gidaje da yawa. Mutumin da ke dogara ga nonon ayaba goma don biyan kuɗin makarantar yara ba ya so a ce masa ya yi haƙuri kawai.

Abin Da Iska Ke Yi Wa Ganye

Hunturu iska ce da ke tasowa daga Hamada, ta arewa maso gabas, tun daga Nuwamba har Fabrairu, wata shekara har cikin Maris. Yawancin ƙurar da ta ke ɗauke da ita daga wani kwari ta ke kwaso ta, wanda a ke kira Bodele, a arewacin ƙasar Cadi, inda dā can akwai babban tafki da ya ƙafe. Iskar nan ta ratso ɗaruruwan mil ba ta haɗu da ruwa ba, saboda haka duk abin da ta taɓa sai ta tsotse shi. Cikin Agusta laimar iska a Kaduna ta kan wuce kashi 80 cikin 100, amma da tsakar rana cikin Janairu ta kan faɗo ƙasa da kashi 20. Abin da ke tsattsaga leɓe da dunduniya, ya busad da wanki kafin a gama shanya na ƙarshe, shi ne ke aiki a jikin ganye.

Kowane ganye yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, yawancinsu a bayansa. Ta nan ya ke shaƙar iskar da ya ke haɗa abinci da ita in rana ta haska shi, ta nan kuma ruwa ke fita daga jikinsa. Ganyen tsamiya ko na gawo ƙanana ne, ruwan da ke fita kaɗan ne. Amma ganyen ayaba guda ɗaya ya kan kai ƙafa 6 ko fiye, watau kamar an shimfiɗa jiƙaƙƙen zane ne a cikin iska. Ga shi kuma saiwar ayaba ba ta nutsewa, yawancinta ba ta wuce ƙafa 1 zuwa ƙafa 1 da rabi daga bisa ba, daidai wurin da ke fara bushewa in ruwan sama ya ɗauke cikin Oktoba. Sama ana kwasa, ƙasa ba a mayarwa. In abin ya yi yawa sai itacen ya rufe kafofin nan don ya tsare ruwansa, in ya rufe su kuwa ya daina haɗa abinci ke nan.

Nan ne ɗari ke shigowa da nasa rabo. Ayaba ta fi jin daɗi in zafi ya kai wajen digiri 27 a ma'aunin Salsiyas. In ya sauko wajen digiri 14 sai girma ya tsaya cik. A Kaduna, wadda ke bisa tudu kamar ƙafa 2,000 daga bakin teku, daren Disamba da Janairu ya kan sauko kusa da nan, wani dare ma ya gota. Saiwar da ta kwana cikin ƙasa mai sanyi ba ta jan ruwa da sauri, ga shi da hantsi ya yi iska za ta taso. Shi ya sa ayabar da ke fid da sabon ganye kowane mako da damina, cikin hunturu sai ta yi mako biyu ko uku ba ta fid da ko ɗaya ba. Amma ruwa ba ya daskarewa a Kaduna, saboda haka sanyin da kansa ba ya kashe gindi. Jinkiri kawai ya ke kawowa.

Darasi Daga Ingila

Akwai waɗansu masu lambu da suka daɗe suna fama da irin wannan matsala, a inda sanyi ya fi na nan nesa ba kusa ba, kuma abin da suka gano yana da amfani ga mai ayaba.

A Ingila da Sikotilan akwai wani itacen fure da a ke ji da shi, sunansa rododendiron. Ba a cin 'ya'yansa, don kyaun fure da ganye a ke shuka shi. Waɗansu irinsa masu manyan ganyaye ba 'yan ƙasar ba ne, daga dazuzzukan Duwatsun Himalaya da na kudu maso yammacin ƙasar Sin aka kawo su, inda hazo da ruwan sama ba su yankewa, manyan itatuwa kuma suna kare su daga iska. Wani masanin tsirrai, Joseph Hooker, ya aika da irin waɗansu daga ƙasar Sikim wajen 1849 da 1850. Cikin 1912 kuma wani mutumin Sikotilan, George Forrest, ya tarad da wanda ya fi duka girman ganye a lardin Yunan, ganyen ƙaraminsa ya kan yi kusan ƙafa 3. Da aka kai su Turai sai aka ga sun fi yi a gaɓar yamma, kamar Konwal da yammacin Sikotilan, inda iskar teku ke rage sanyi. A sauran wurare sai da dabara.

Da farko kowa ya ɗauka ƙanƙara ce ke ƙone ganyen. Daga baya aka lura, ɓarnar ta fi yawa ran da ƙasa ta daskare kuma iskar gabas ta taso. Ruwan da ke cikin ƙasa ya zama ƙanƙara, saiwa ba ta iya sha, iska kuwa ba ta daina kwasa daga ganye ba. Watau itacen yana tsaye cikin ruwa ƙishirwa tana kashe shi. Shi kansa ya san haka, don in sanyi ya tsananta irinsa da yawa su kan sunkuyad da ganye, su naɗe shi kamar tabarma. Saboda haka masu lambun Ingila suka tsai da shawara a kan abu huɗu. Su kan dasa shi a cikin kurmi ko bayan shingen itatuwa. Su kan ƙosad da shi da ruwa cikin kaka tun ƙasa ba ta daskare ba. Su kan lulluɓe gindinsa da busasshen ganye mai kauri, ba su yi masa noma da fartanya, gama shi ma saiwarsa a bisa ta ke. Kuma ba su ba shi taki mai sa toho in rabin shekara ya wuce, don kada sanyi ya tarad da ɗanyen ganye. Ƙananan kuwa a kan kafa musu turaku a kewaye su da algarara, a bar bisa a buɗe, ba a bari algararar ta taɓa ganye, ba a kuma sa leda.

Ƙasar Kakuri ba ta daskarewa, bushewa ta ke yi, amma ga saiwa duk ɗaya ne, ba ta sami ruwa ba. Dabarun nan huɗu duka suna aiki a nan. Abu guda ne ya bambanta. Bature yana ɓoye itacensa daga ranar safe, don in ta bugi daskararren ganye ya narke da gaggawa ya kan lalace. Ayaba kuwa tana bukatar ranar safe ƙwarai, don ta ɗumama ƙasa. Wanda ya kwaikwayi Bature a wannan ya yi kuskure.

Shinge

Shinge shi ne aikin farko, kuma tun ƙarshen Oktoba ya kamata a kafa shi, lokacin da kara da gamba su ke a wadace, ba a jira sai ganye ya kece ba. Ba dole ne a kewaye lambu duka ba in don iska ce. Gefen arewa da na arewa maso gabas su ne ƙofar ɓarawo. Abin farin ciki kuwa, cikin Disamba rana tana fitowa ne ta gabas maso kudu, da tsakar rana ma ta kudu ta ke ratsawa, saboda haka inuwar shingen arewa waje ta ke faɗawa, ba ta tauye wa shuka hasken da ta ke so.

Mutane da yawa suna tsammani katangar bulo ta fi zana. Ba haka ba ne. In iska ta bugi abin da ba shi da kafa ko kaɗan, sai ta hau bisa ta faɗo a bayansa da ƙarfi tana juyawa kamar guguwa, ta kekketa abin da ke wurin. Shingen da ya fi kyau shi ne wanda ke tace iska, ya bar kamar rabinta ta wuce a hankali: zanar gamba wadda ba a matse saƙarta ƙwarai ba, ko darnin karan dawa. Irin wannan ya kan kare fili har kamar tsawonsa sau goma, ko da ya ke kariyar ta fi ƙarfi a rabin da ke kusa. Watau zana mai ƙafa 7 za ta amfani shuka har wajen ƙafa 60 ko 70. In lambu ya fi haka faɗi, sai a sake kafa wani layi a tsakiya. A kula kada a bar giɓi, don iska ta kan matsu ta fito ta giɓin da ƙarfin da ya fi na fili. A kuma saukad da zanar har ƙasa.

Zana ba ta kai tsawon babbar ayaba ba, wannan gaskiya ne. Ƙanana ta ke ceto, da fuskar ƙasa. Wanda lambun nasa ne na kansa, ba aro ba, ya kamata ya dasa shingen itatuwa masu rai. Darbejiya tana yi, mangwaro ma yana yi, kuma shi yana biyan kuɗin wurin zamansa. Amma a bar tazarar aƙalla ƙafa 20 tsakaninsu da ayaba, in ya yiwu a haƙa rami a tsakani a datse saiwarsu kowace shekara. Itacen turare yana saurin tashi, sai dai shan ruwansa ya yi yawa, bai dace da ƙaramin lambu ba. Ayaba kuma tana kare 'yar'uwarta: gindi goma sha biyu a dunƙule wuri guda sun fi jimrewa bisa ga goma sha biyu a jere cikin layi ɗaya.

Wajen zaɓen wuri ma akwai abin lura. Iska mai sanyi ta fi nauyi, da dare ta kan gangara ta kwanta a kwari kamar ruwa. Duk wanda ya taɓa sauka bakin Kogin Kaduna da asuba ya san can ya fi tudu sanyi. Saboda haka gindin kwari ba wurin ayaba ba ne, balle ma ga ambaliya cikin Agusta da Satumba. Ɗan gangare, sama kaɗan da inda kogi ke kaiwa, shi ya fi.

Gindi Da Ruwa

Bayan shinge sai lulluɓin gindi. Da zarar ruwan sama ya nuna alamar ɗaukewa, tun ƙasa tana da laima, a yi wa kowane gindi ɗan kwano na ƙasa kewaye da shi, faɗin kamar ƙafa 3 ta kowane gefe, a cika shi da busasshiyar ciyawa, ko ɓawon gyaɗa, ko ƙaiƙayi, ko buntun shinkafa, kaurin kamar inci 4 zuwa 6. In aka jira har ƙasa ta bushe, lulluɓin ba shi da abin da zai tsare. Kututturen ayabar da aka riga aka sare nononta ya fi kome kyau, gama kusan dukansa ruwa ne. A tsaga shi biyu, a daddatse, a kife a gindi. Kada a yar da shi a dunƙule, don ƙwaron da ke huda gindin ayaba ya kan yi gida a ciki. A bar tazarar tafin hannu tsakanin lulluɓin da jikin itace saboda gara. Kuma daga ranar a ajiye fartanya, ciyawar da ta fito a cire da hannu, don kowane sara a gindin ayaba yana yanke saiwa.

Ga lissafin ruwa. Ayaba tana bukatar aƙalla abin da ya yi daidai da ruwan sama inci 1 kowane mako, in iska ta yi tsanani har kusan inci 2. In an dasa ta da tazarar ƙafa 7, watau kamar mita 2, inci 1 ya kama lita 100 ga kowane gindi, jarka 4 ke nan mai lita 25, ko garwa 5 zuwa 6 a lissafin dā. A raba shi biyu, a ba ta sau biyu a mako, ya jiƙa ƙasa sosai. Yayyafin kofi guda kullum aikin banza ne, ba ya kai wa saiwa, iska ke shanye shi. Da la'asar ya fi kyau a yi ban ruwa, lokacin iska ta lafa, ƙasa ta kwana tana sha, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe ɗumin rana har cikin dare.

Ita ayaba tana faɗin halin da ta ke ciki ga wanda ya iya dubawa. Da tsakar rana ta kan saukad da gefe biyu na ganyenta, su rataya kamar littafin da aka kife, don ta rage dukan rana. Wannan ba kome ba ne, irin dabarar itacen nan ne na Himalaya. Amma in aka zo da sassafe aka tarar ganye yana nan a rufe bai buɗe ba, to, ƙishirwa ta kama ta, a kawo ruwa ran nan.

Wanda ba shi da ƙarfin ba gindi talatin ruwa, gara ya zaɓi goma ya ƙosad da su, ya bar sauran da lulluɓi kawai. Gindin da ke ƙarƙashin ƙasa ya kan rayu ya sake toho da damina. Raba ruwan goma ga talatin ba ya haifad da nono ko ɗaya na kirki. Haka kuma a rage 'ya'yan da ke fitowa daga gindi, a bar uwa, da 'ya guda, da jika guda. Sauran duka masu cin abincin uwa ne.

Ruwan wanka da na wanke-wanke yana yi wa ayaba, in ba omo da gishiri suka yi masa yawa ba, shi ya sa ta bayan gida ta kan fi ta lambu kyaun gani cikin Janairu. Amma ruwan kwatamin da ke fitowa daga wajen masana'antu, mai launi ko wari, kada a kai shi gindin abin da za a ci.

Taki Da Lokacin Dashe

Kuskuren da a ke yawan yi shi ne, mutum ya ga ayabarsa ta yi ja cikin Disamba, sai ya zuba mata yuriya, yana cewa yunwa ce. Saiwar da ke cikin sanyi ba ta iya ɗauka, in kuma ƙasa a bushe ta ke takin ya ƙone ta. Ko an sami toho ma, ɗanye ne shataf, iska ta gama da shi cikin kwana biyu. Takin zamani, kamfa ko yuriya, da damina a ke ba da shi, a tsaya wajen farkon Satumba, sai in mutum yana da injin ban ruwa da ba ya fashi. Abin da ya dace da kaka shi ne ruɓaɓɓen takin shanu a ƙarƙashin lulluɓi, da tokar murhu, gama toka tana da sinadarin da ayaba ta fi kowane bukata, wanda kuma ke taimakon ganye wajen riƙe ruwa.

Sa'an nan ga wata magana da ta fi duka muhimmanci, amma ba kowa ya san ta ba. Ayaba ta kan fid da ganye 30 zuwa 40, sa'an nan ta fid da nono. Daga ran da nono ya fito ba ta ƙara yin ganye ko ɗaya har ta mutu. Ganyen da ta ke da shi a ranar, da shi za ta cika 'ya'yanta cikin wata uku ko fiye, kuma ana so ya kai 8 zuwa 10 masu lafiya. Saboda haka ayabar da ta haihu cikin Disamba, iska ta cinye ganyenta, ba ta da inda za ta samo wani, sai 'ya'ya sirara kamar yatsu. Wani lokaci ma sanyi ya kan sa nonon ya maƙale a wuya ya kasa fitowa, ya fito a karkace, gajeriyar ayaba ta fi yin haka. Ban da wannan, tun watanni kafin a gan shi a waje nonon ya ke ƙulluwa a cikin kututture, a lokacin ne a ke yanke yawan hawan da zai yi. Watau ƙishirwar Janairu ta kan bayyana a ƙaramin nonon Afril, mai lambu yana mamaki, alhali ya riga ya manta.

Maganin wannan shi ne lissafin dashe. In aka dasa cikin Mayu ko farkon Yuni, da ruwa ya zauna, itacen zai shiga hunturu da ƙarfinsa bai haihu ba, ya haihu da bazara, 'ya'ya su cika da ruwan sabuwar damina. Wanda ya dasa cikin Fabrairu ko Maris don yana da ruwa, ya kan jefa haihuwar cikin tsakiyar hunturu. Dashen Satumba kuma iska za ta tarad da shi bai kafu ba. Wajen zaɓen abin dashe, a ɗauki mai siririn ganye kamar takobi da gindi mai kauri, a bar mai faffaɗan ganye tun yana ƙarami, ko da ya fi kyaun gani.

In duk da haka nono ya fito cikin sanyi, a sa masa riga. A sami buhun da ba kome ciki, a wanke, a yanke gindinsa, a zura nonon, a ɗaure bisa, a bar ƙasa a buɗe. A Ostareliya da Afirka ta Kudu haka a ke yi da wata shuɗiyar leda da aka yi don wannan aiki. Farar leda mai nuna ciki kuwa dafa 'ya'yan za ta yi da rana. A kuma tokare itacen da gwafa. Ganyen da ya kece amma yana kore, kada a sare shi don ya yi muni, yana nan yana aiki. Busassun da suka rataya a jikin kututture su ma a bar su har bazara, suna kare shi, sai fa masu baƙin tabon ciwo, waɗannan a cire a ƙone nesa.

Gwanda Da Ƙananan Dashe

Gwanda kusan duk abin da aka faɗa ya shafe ta, sai abu biyu. Ba ta jimre ruwa ya kwanta a gindinta, ko na kwana biyu ne ya kan ruɓad da saiwa, saboda haka a tara ƙasa a jikinta, kwanon ruwan ya zama zobe daga nesa. Kuma in ta zubad da ganye rana ta kan ƙone 'ya'yan da ke fuskantar kudu da yamma, sai a rufe su da busasshen ganyen ayaba ko tsumma. A riƙa duba bayan ganye saboda farin ƙwaron nan mai kama da auduga, da ƙananan jajayen da ke saƙa kamar gizo, don da rani su ke yawa, ƙura kuma tana taimakonsu. Wanke ganye da ruwa lokaci lokaci yana rage su.

Dashen mangwaro, da lemo, da gwaiba na shekarar farko, a yi musu abin da Bature ke yi wa nasa: turaku uku ko huɗu, a kewaye da zana ko tsohon buhu, bisa a buɗe, kada ya goga ganye. Wannan ya tare iska, ya kuma tare awaki, waɗanda a ke saki bayan girbi, ba su kuwa ganin kore ko'ina sai a lambu.

Sai dai duk wanda ya tara zana da busasshiyar ciyawa ya tara abincin wuta. Hunturu lokacin gobara ne, ga masu ƙunar daji, ga yara masu farautar ɓera, ga masu jin ɗumi da asuba. A share fili fes, faɗin taku uku ko huɗu, a bayan shinge, kada kuma a ƙone shara ta gefen da iska ke fitowa.

Ga 'Yan Kasuwa

Yawancin ayaba da agaden da a ke sayarwa a Kasuwar Monday ta Kakuri da sauran kasuwannin Kaduna daga kudu a ke kawo su a mota. Ɗanyar ayaba in ta yi sa'o'i cikin sanyin da ya gaza digiri 13, ɓawonta ya kan ji ciwo. Ba a gani nan da nan, sai ta zo nuna, maimakon ta yi rawaya mai haske sai ta yi duhu kamar toka, in an ɓare a ga jan zare a cikin ɓawon, mai saye ya taya da arha. Abin da firij ke yi mata ke nan, daren Janairu a bayan buɗaɗɗiyar mota ma ya kan yi. Saboda haka a rufe kaya da tamfol ko ganye a hanya, in an sauke kada su kwana a fili bisa siminti, a shimfiɗa kwali ko tabarma a rufe da buhu. Ta kan yi jinkirin nuna cikin sanyi, ɗaki mai ɗumi ya ishe ta.

Wajen ƙarshen Fabrairu, in dare ya fara ɗumi, za a ga sabon ganye ya soma fitowa da sauri. Lokacin ne za a sare busassun ganyaye a mayad da su gindi, a ƙara ruwa, a ba da ɗan taki, gama zafin Maris da Afril ya fi hunturu jan ruwa. Kada a yi gaggawar ɗauke gwafa. Hadarin farkon damina ya kan zo da iska mai ƙarfi daga gabas, ita ce kuwa ke kayad da ayaba mai nono. Zanar in ta yi saura a naɗe ta a jingine bisa dutse inda gara ba ta kaiwa, za ta sake aiki cikin Oktoba.